Baba Ɗanjuma da Doguwar Gaisuwarsa

Duk wanda ya saba bin layin teloli na Ƙofar Ruwa da hantsi ya san tsohon nan mai jakar fata a bayan keke. Baba Ɗanjuma ke nan, mai gyaran keken ɗinki. Daga Sabon Gari yake tahowa kullum ban da Lahadi, kuma ba ya buɗe shago sai ya bi layin kaf yana gaisawa da mutane, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi mai jiki. Matasa kan tsokane shi, wai kafin Baba ya gama gaisuwa shayin mutum ya huce. Kirista ne, Bahaushen ƙasar Sumaila, a cikinmu ya yi furfura. Yanzu ido ya yi rauni, zare ya daina shiga masa allura, ƙarshen watan nan zai rufe shago. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ke bayan gaisuwar nan tun yana jin mu.

Lokacin da rikicin addini ya tashi a Kano, farkon shekarun casa'in, su biyu ne a shagon, shi da ƙanensa Isiyaku, uwa ɗaya uba ɗaya, magidanci mai 'ya'ya biyu. Da gari ya rikice, maƙwabcinsu Malam Maharazu tela ya janye Ɗanjuma cikin shagonsa ya kulle ƙofa. Isiyaku kuwa ya tafi kai aiki, yana dawowa gungun mutane suka rutsa da shi a bakin layin. Ta kafar ƙofa Ɗanjuma ya ga komai, har da wanda ya fara ɗaga hannu. Shi Maharazu bai ga kowa ba, yana ta fama da danne shi da toshe masa baki.

Da abin ya lafa, jami'an tsaro suka kwashe mazan layin suka zaunar da su a rana, aka kawo Ɗanjuma don ya nuna wanda ya kashe ƙanensa. Waɗanda suke wurin sun ce ba wanda ya yi zaton mutumin da aka nuna ranar zai kai gaban alƙali, don masu bindigar ma idanunsu sun rufe. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duban fuskoki, mutanen da ya sha gyara wa keke, ya ci naman sunan 'ya'yansu. Hannuwansa suna cikin aljihu har ya kai ƙarshe. Bai ce bai gani ba, domin ba ya ƙarya, cewa ya yi ba wanda zai nuna. Aka yi masa tsawa, aka kai ga mari, bai canja magana ba.

A gida ne ya sha wadda ta fi mari zafi. Hauwa, matar marigayin, ta tare shi a tsakar gida.

"Yaya, jinin ƙanenka ne fa. Ka ga wanda ya kashe shi da idonka, ka bar shi ya koma ya ci tuwo da 'ya'yansa. Nawa 'ya'yan fa?"

Kuka kawai ya yi. Ta yi shekaru ba ta amsa masa gaisuwa, shi kuwa bai fasa riƙe yaran ba har suka girma, kuma ni ban ga laifinta ba. A coci wasu suka ce matsoraci ne, wasu suka ce ya sayar da ɗan'uwa don kada kasuwarsa ta mutu.

Duk da haka ya dawo birni ya buɗe shago. Mu kuwa mutanen layin, gwanayen sa ido, muka ce labarin zuciya a tambayi fuska: duk wanda Ɗanjuma ya gajarce wa gaisuwa, shi ne. Ya gane abin da ake jira. Ya san idan ya kau da kai daga mutum guda, ya yi nunin da ya ƙi yi a gaban bindiga, kuma masu neman ramuwa ba su ƙare ba. Sai ya tsawaita gaisuwar ga kowa, daidai wa daida.

Kai ne ka san nauyin wannan, Baba. Ka gaya wa Maharazu cewa ka daɗe in an zo wurin addu'ar da kuke roƙon Allah Ya gafarta muku kamar yadda kuke gafarta wa masu yi muku laifi, sai ka yi shiru, don kada ka yi wa Ubangiji ƙarya. Ka ce hannu ne ya fara yafewa, zuciya sai daga baya ta biyo, da ɗingishi. Ka ce Almasihun da kake bi ya roƙa wa waɗanda suka cuce shi gafara, ba za ka zama alƙalin da ya fi shi ba.

Makon jiya, suna haɗa kayan shago, Maharazu ya yi tambayar da ya daɗe yana haɗiyewa.

"Ɗanjuma, don Allah, yana cikin waɗanda aka zaunar ranar?"

"Yana ciki."

"Ya rasu?"

"Ɗazu ma muka gaisa. Ya ce jikarsa ta samu sauƙi."

Mun gode, Baba, mai rufa asirin wanda bai roƙa ba. Mu da yatsanmu ke saurin miƙewa kan laifin da ko ganinsa ba mu yi ba, mu ji kunya mu koya. Kai kuma da ka fara ɗaga hannun nan, ka san kanka, ba za a taɓa jin sunanka daga bakinsa ba, ya daɗe da yafe maka. Amma shagon yana buɗe har ƙarshen wata, kuma har yau ba wanda ya ce masa yi haƙuri.