Ustaz Abdussalami, Ka Tafi Ba Ka Raka Ni Gida Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris 1972, ina tsakar cirar auduga labari ya iske ni cewa Ustaz Abdussalami, malamin kimiyya na makarantar garin Kamlin, ya rasu bayan zazzaɓin kwana uku. Shekarunsa talatin da ɗaya. Tun ranar gabana bai daina faɗuwa ba.

Abdussalami, kai ne kake karanta wa tsofaffin ƙauyenmu takardun gwamnati, ba ka taɓa nuna gajiya ba. Ni Mato, da na girme ka nesa ba kusa ba, kai ka ba ni tsoron da ban taɓa ji ba.

Bara, a bakin tur'a, wato magudanar ruwan da ke shayar da gonata, ka ce mana lokaci ba tafiya ɗaya yake yi wa kowa ba. Agogon gindin dutse yana jinkiri kaɗan bisa na ƙololuwa, domin jan ƙasa ya fi ƙarfi a can. Mai gudu kuma, in gudunsa ya kusa na haske, shekararsa guda tana iya zama hamsin ga mutanen gida. Ya dawo da ƙuruciyarsa, ya tarar da kaburbura.

Na baro ƙasar Sakkwato a 1938 da niyyar hajji, na ce wa ƙanwata Asma'u shekara biyu zan yi. Har yau mu da muka yada zango a nan, a kan hanyar hajji, matafiya muke kiran kanmu. Sai na ce maka ashe shi ya sa nake jin kamar jiya na fito. Ka yi dariya, ka ce, "Ya hajj, gudun jakinka bai kai nan ba. Shekarun da suka shuɗe mata su ne suka shuɗe maka. Taɓa gemunka ka ji." Wallahi wannan ta fi ta farko ban tsoro, domin ta raba ni da uzurina.

Ka ce za ka raka ni gida a hutun makaranta, tunda ka ga ina tsoron in yi sallama a ƙofarmu a tambaye ni wa nake nema. Na ce sai an gama auduga. Ni a lissafina, yaro kamarka ba ya ƙure wa tsoho.

Yanzu ba mai raka ni, tsoron kuma yana nan. Amma na bar wa maƙwabcina Jibo sauran cirar. Ranar Asabar zan kama hanya, ko Asma'u ce za ta tarbe ni, ko a nuna mini inda take kwance.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba mahaifiyarka Iya Raliya da matarka Mairama haƙurin rashinka. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani, ya kuma sa kada in makara sau biyu. Amin.