Turaren da Ya Koro Gwanki

Ban taɓa ganin gwanki da idona ba, kuma turare ne ya jawo mini.

Ina sabon malamin firamare a Gusau, cikin shekarun saba'in, wani abokina malamin daji ya ce in raka su gandun dajin gwamnati da ke bayan Tsafe. Babbansu ne ya zo daga Sakkwato duba wani tsohon maharbi da ke yi wa baƙi jagora a ƙafa. Tsohon ya daɗe da ajiye bindiga, wannan aikin ne cinsa da shansa. An kai ƙarar cewa idonsa ya yi rauni. In bai nuna wa babban wata dabbar kirki ran nan ba, sallamarsa za a yi.

Ni kuwa da na ji an ce babba, sai na ci ado kamar mai zuwa ɗaurin aure, na juye wa kaina rabin kwalbar turare. Ƙuruciya dangin hauka.

Tun hantsi muke tafe cikin doka da maɗaci, ko gada ba mu gani ba. Sawu ga shi nan ɗanye, amma masu sawun sun yi gaba. Babban ya fara duba agogo. Tsohon yakan ɗebi ƙasa ya sake ta a hankali ya ga inda iska ta nufa, sannan ya saci kallona. Ni a zatona rigata ce ta burge shi.

Da muka kai bakin wata fadama, ya zaunar da su gindin kanya, ya ja ni gefe.

"Malam, kai da ka da ƙahwa, zagaya ka hau dutsin can. Nan aka ganin komi."

Kaina ya kumbura. Na zagaya, na hau, na tsaya iska na kaɗa mini riga ta baya. Ban ga komai ba sai ciyawa tana motsi can nesa.

Da na dawo, babban har rawar baki yake. Gwanki bakwai, in ji shi, sun fito daga wajen dutsen a guje, suka bi ta gabansu kamar an koro su. Ya riƙe hannun tsohon ya ce aiki nasa ne har sai ya gaji.

A hanyar komawa na matsa kusa da tsohon cikin jin haushi.

"Baba, ka ce nan ake ganin komai."

"Yi haƙuri, Malam. Tun sahe turarenka ka korar min namun daji. Na ga kunya ba ta bari in ce ka koma, shi ne na ce bari ka koro muna su."

Na yi dariya har da hawaye. Na ce wata ran zan dawo ba turare, ya ce yana jira. Ban samu komawa ba sai bayan shekara ashirin. Na tarar ya rasu, fadamar kuwa an shuka dawa.