Kunnen Baba

Akwai wata tankar ruwa da ke shigowa layinmu a Barnawa da safe. Tun kafin ta karyo kwana nake gane ita ce, don injinta ɗingishi yake yi. A wajen maƙwabta ƙarar tsohuwar mota ce kawai. Ni kuwa ina jin giɓin da ke ciki, silinda ɗaya ba ya ƙona mansa, 'yan'uwansa ne ke jansa. Sau da yawa nakan ajiye tsintsiya zan fita in gaya wa direban, sai in tuna ni malamar firamare ce, wa zai saurare ni a kan inji. In koma ciki, warin man gas ya biyo ni har kicin, ya mayar da ni Kakuri ina 'yar yarinya da kwanon abinci a ka.

A gidan haya muka tashi, ɗaki na kallon ɗaki, yawancinmu mutanen kudancin Kaduna ne da masaƙu suka jawo birni. Jiniyar masaƙa ce agogonmu. Baba ya yi shekaru a ɗakin janaretan wata masaƙa kafin ya buɗe garejin manyan motoci a bayan layin dogo, ƙarƙashin itatuwan dogon yaro. Ƙasar wurin ta sha baƙin mai har ruwan sama ba ya shigarta, sai dai ya kwanta a kai yana ƙyalli. Kusa da shi akwai wani mutumin Gabas mai sayar da kayan gyara, kowa Oga yake ce masa. Hausarsa a karkace take, amma bai taɓa jin kunyar yinta ba, kuma shi ne aminin Baba.

Bari in gaya maka yadda Baba ke aiki, don a nan labarin yake. In aka kawo mota tana misin, wato tana fizga tana baƙin hayaƙi, ba ya buɗe komai. Sai ya sa a tayar da ita a bar ta a tsaye injin yana aiki. Kowane silinda yana da nozul ɗinsa mai fesa masa mai, kowane nozul da siririn bututunsa. Baba zai ɗauki sifana ya ɗan sassauta notin bututu na farko, mai ya tsirto, ya karkata kai. In ƙarar injin ta faɗi, ya ƙara rawa, to wannan silindan da ransa, an raba shi da mai ne ya sa aka ji rashinsa. Sai ya ɗaure ya wuce na gaba. Wanda aka kwance ƙara ba ta canza ba, shi ne matacce, dama can ba ya taɓuka komai. Shi ke nan sana'ar: sifana da kunne.

Mama ce ta fara lura. Rediyon Baba ya soma damun maƙwabta. A coci sai mu gama baiti shi yana tsakiyarsa, yana rerawa da ƙarfinsa, ni da ƙannena muna ƙunshe dariya. Mama ba ta yi dariya ba. Wata ranar Lahadi muna dawowa ta riƙe hannuna ta ce, "Mutumin da ke ci da kunne, in aka ji kunnen ya tafi, tukunyarmu ce ta tafi. Ki kama bakinki."

Ina ajin ƙarshe na firamare ya fara kirana kusa da mota. Na kawo masa tuwo da rana, ya ce in tsaya a gefen taya in saurara. Ya kwance, ya ɗaure, ya sake kwancewa, har na soma jin bambancin. Ba mu taɓa zama mun shirya ba, haka kawai abin ya zama: in ƙara ta canza sai in ja kunnena kamar yana mini ƙaiƙayi, in ba ta canza ba in bar hannuna a inda yake. Shi kuma ya karkata kai yadda ya saba, idonsa na kaina ta ƙasan hammatarsa. Direbobi na cewa Baba da son 'yarsa, ko gyara ba ya yi sai tana wurin. Motar misin duk sai ta jira a tashi daga makaranta, ya ce musu sai inji ya huce.

Ban taɓa jin daɗin duniya kamar lokacin nan ba, ba zan ɓoye maka ba. Ina kallo ya zaro mataccen nozul, bakinsa ya yi baƙi ya toshe da gawayi. Ya goge ramin da tsumma a kan tsinke, a hankali, don ko ƙwayar yashi ba ya yarda ta faɗa. Oga ya kawo sabo a cikin takarda mai maiƙo, da wosha sabuwa, ɗan zoben jan ƙarfen da nozul ke zama a kai, don Baba ba ya maimaita tsohuwar wosha ko za a yi faɗa. Baba ya zaunar da nozul ɗin, ya ɗaure, ya bar bututun a sake har mai ya kori iska, sannan ya ƙarasa. In injin ya tashi ya miƙe sumul, sai in gyaɗa kai kaɗan, shi kuma ya buga bodin motar ya ce wa direba, "Ka ji ta?" Ladana rake ne da rani, da damina gasasshiyar masara.

Da na ci jarrabawar makarantar kwana, Mama ta so in yi ta jeka-ka-dawo a nan kusa, kuma kowa a ɗakin ya san dalili. Baba ya ce, "Ban haife ta don ta zama kunnena ba." Shi ya ɗauki akwatina har tasha. Na yi fushi da shi a ranar, har yau ma ban gama hucewa ba, ko da yake albashin da nake ci daga wannan taurin kan nasa ya fito.

Da hutun damina na dawo gida. Washegari na ɗauki kwano na nufi gareji cikin yayyafi. Na tarar da wata tifa, Baba a kanta yana ɗaure bututu na ƙarshe, ashe ya riga ya canza nozul. Daga baya Oga ya gaya mini tun tafiyata da tafin hannu yake aiki, ya ɗora a kan inji ya ji rawarsa, wani lokaci ya dace. Direba ya murɗa makulli. Tifar ta tashi tana ɗingishinta, ba abin da ya ragu. Makanikai na kusa sun ji, mai shayi ya ji, ni ma na ji tun daga bakin hanya. Baba ya sauko yana goge hannu, fuskarsa a sake, ya buga bodin motar ya ce, "Ka ji ta? Ta miƙe."

Makanikai suka dubi juna. Direban, wani dattijo da suka daɗe tare, yana bayansa, ya ce, "Baba, har yanzu fa tana yi." Baba bai juya ba. Direban ya sake faɗa da ƙarfi. Bai juya ba. Sai da ya ga fuskokin mutane, labarin zuciya a tambayi fuska, sannan ya waiwaya ya gan ni da kwano a ka. Ya ɗauki sifana ya sake hawa. Na matsa gefen taya. Ya kwance na ja kunne, ya kwance na ja kunne, har muka kai kan wanda hannuna bai motsa ba. Wannan karon kowa na kallon hannuna. Oga ya karɓi nozul ɗin farko da aka cire alhali lafiyarsa ƙalau, ya mayar cikin takarda. Tifar ta tafi lafiya, kuma ba ta sake dawowa ba.

Ba wanda ya ci masa mutunci, da ma an yi da ya fi sauƙi. Direbobi na gaishe shi da ladabi su wuce da motarsu gaba. Masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya, jiniya ta yi shiru, motocin auduga suka daina zuwa. Waɗanda suka zo bayansu sababbi ne, na'ura ake jona musu ta faɗi silindan da ya mutu, kuma an ce in ka sassauta bututunsu man zai huda maka fata. Duk da haka Baba bai fasa sa kayan aiki da safe ba. Ya je ya zauna ƙarƙashin dogon yaro, ya wanke sifanu da kananzir, ya jera, da yamma ya kwashe.

Shekarar da Oga ya kwashe kayansa ya koma gida, zazzaɓi ya kwantar da Baba. Ya warke, amma bai fita ba. Kwanaki suka tafi ba wanda ya leƙo daga gareji. Wata rana ya aike ni in je in gani. Na tarar ana ta aiki, ana ta dariya, wani ya ajiye tsohuwar giyar mota a kan bencin Baba. Da na dawo yana zaune a bakin ƙofa. Bai tambaye ni da baki ba, hannuna ya kalla. Na ɗaga na ja kunnena da ƙarfi. Ya daɗe yana dubana, sannan ya yi murmushi ya ce, "Ba ki iya ƙarya ba. An kwance ni, ƙara ba ta canza ba."

Yanzu yana wurina, a ɗakin da ke kallon titi, tun rasuwar Mama. Ko tsawa ba ya ji. Garejin ya zama shaguna da wurin wankin mota, an sare itatuwan, kuma yaran da na tambaya a can ba su san an taɓa yin wani makaniki a wurin ba. 'Ya'yana sun san shi a matsayin kakan da ake yi wa magana da hannu. Na gwada koya wa babbansu sauraron inji, ya ce ai akwai na'ura, kuma gaskiyarsa.

In tankar ruwan nan ta shigo layi, Baba yakan ɗora tafinsa a gilashin taga har ta wuce. Sai ya juyo ya dube ni yana jira. Ni kuma in gyaɗa kai kaɗan, irin na motar da ta miƙe. Ya san ba haka ba ne, na san ya sani, gobe ma haka za mu yi.