Kumatun Sokkalingam

Sokkalingam ya tsufa yana shan mari a finafinan Madras. Jarumi ya mare shi, jama'a su kwashe da dariya, abincinsa ke nan. Ranar fitowar fim samari kan yi wa hoton jarumi wanka da madara, nasa kuwa ko ɗigo. Haushi ya sa ya ce ya bar sana'ar.

Matarsa Valliyammai ta ja shi bakin silima, ta tuttule madarar shayinsu a kan ɗan hotonsa.

"Ke, ana kallonmu!"

"Su kalla mana, tsoho. Kumatun nan ne suka ciyar da mu."

Masu layi suka ɗau tafi. Washegari ya sha baƙin shayinsa, ya koma miƙa kumatu.