Abin da Aka Cire Daga Binciken Saurona

Na daɗe ina koyar da bayoloji a wata sakandare mai zaman kanta a Sabon Gari. Gidana yana Rijiyar Lemo, kullum da safe adaidaita nake shiga ta sauke ni a bakin layin makarantar. Kafin in kama koyarwa na yi digiri na biyu, kuma aikin da na rubuta a kan sauro ne. Ba wani babban aiki ba ne. Yawo nake da ludayi da robobi ina ɗebo tsutsar sauro daga lambatun Fagge da na Sabon Gari, masu shagunan atamfa suna leƙowa suna tsokanata, wai ko miya za a kaɗa da su. Sai in kai su ɗakin gwaji in raine su har su yi fiffike, sannan in sa musu magani in ga waɗanda za su mutu da waɗanda za su tashi.

Aikin kashi biyu ne. Na farko bayanin jikin sauro ne, musamman bakin macen. Wanda bai taɓa ganinsa a madubin ƙara girma ba zai ɗauka allura ɗaya ce, alhali wasu siraran allurai ne a haɗe cikin kube guda, wasu na yanka fata, wata na zuba yawun da ke hana jini daskarewa, wata na zuƙa. Kashi na biyu shi ne ainihin abin da na je nema. Na ga sauron wuraren da aka daɗe ana fesa wa magani ya fi jurewa. Maganin yana kashe masu rauni, masu jurewa su tsira su hayayyafa, 'ya'yansu su gaji jurewar, har a wayi gari maganin da ke aiki a da ya daina aiki. Na rubuta, aka ba ni takarda, na ajiye kwafina a ƙasan akwati.

A makarantarmu akwai malamar kemistiri, Kirista ce 'yar wajen Zariya, ta girme ni da 'yan shekaru. Kowa Madam yake ce mata. Tebur ɗaya muke zama a ɗakin malamai. Wata rana ta ajiye min takardar gayyata a kan littattafan da nake makin.

"Malam, wannan taron naka ne. Wata cibiyar bincike ce ta buɗe ofis a nan Sabon Gari. Musulmi da Kirista ne a ciki."

"Binciken me suke yi?"

"Cewa suke tsarin halittu ya yi sarƙaƙiyar da ba zai yiwu ya haɗu da kansa ba, dole akwai mai hikimar da ya tsara shi. Kuma wai suna so su nuna hakan da hujjar kimiyya, ba da wa'azi ba."

Na ce ai wannan ni da ita duk mun yarda da shi tun muna yara. Ta ce shi ya sa ta kawo min. Da na duba ƙasan takardar sai na ga sunan shugaban sashen kimiyya na cibiyar. Malamina ne na jami'a, wanda ya duba aikin saurona, ya yi ritaya. Daga nan ban ƙara tambayar komai ba.

An yi taron ranar wata Asabar da hantsi, a wani zaure da ke saman shaguna, ni da Madam muka je tare. Na ga limami da fasto a kujeru kusa da juna, abin ya yi min daɗi ƙwarai. Aka nuna mana hotunan idon mutum da saƙar zuma da ƙwayar halitta, aka kuma raba mana wasu littattafan waje. Malamina ya yi magana kusan awa guda ba ya duba takarda, kamar yadda na san shi. Bayan an tashi na je na durƙusa na gaishe shi. Ya kama hannuna ya tashe ni.

"Aikin nan naka na sauro yana nan?"

"Yana nan, Malam."

"Ka kawo mana. Bakin sauron nan kaɗai ya ishi mai hankali."

Na koma gida ina jin kaina kamar wanda aka yi wa sarauta. Litinin na kai kwafin, har da wani hotona riƙe da ludayi a bakin lambatu, don sakataren ofishin ya ce suna son hoto.

Bayan kamar wata huɗu na shiga Kasuwar Sabon Gari sayen fanka. Ina ratsawa ta layin masu littattafai sai wani mai tebur da nake sayen littattafan jarrabawa a wurinsa ya ɗaga murya.

"Ga mai littafi da kansa! Malam, ashe haka kake ba ka faɗa mana ba?"

Ya miƙo min wani ɗan littafi mai koren bango, rabi Hausa rabi Turanci. Ya buɗe min tsakiya. Ga hotona da ludayi, ga sunana, ga sunan unguwarmu. Na tsaya a nan ina karantawa, masu kura suna ta ce min a ba su hanya.

Bayanin bakin sauro yana nan kamar yadda na rubuta, har da zanena. Na juya shafi ina neman kashi na biyu, babu shi. A madadinsa sai na ga wani sakin layi da aka sa a bakina, da "ni" da "na gani". Wai bayan dogon bincike a lambatun Kano na tabbatar sauro bai taɓa sauyawa ko ƙanƙani ba, yadda yake a yau haka kakanninsa suke, kuma gwajin da na yi ya nuna hakan. Na karanta sau uku. Wato abin da aikina ya nuna, kishiyarsa aka rubuta, aka sa sunana a ƙasa.

Mai teburin yana ta ba ni labarin yadda littafin ke tafiya, iyaye suna saya wa 'ya'yansu, ni kuwa kunnena kamar an toshe. Na sayi ɗaya na fito. Sai da na isa gida matata ta tambaye ni ina fankar, sannan na tuna abin da ya kai ni kasuwa.

Washegari a ɗakin malamai na ajiye wa Madam littafin, na ajiye mata ɗaya kwafin aikina da na samo a wurin wani abokin karatuna, na nuna mata shafukan. Ta sa tabarau ta karanta wannan, ta karanta wancan. Sai ta dafe ƙirji.

"Wayyo Allah. Malam, ni da hannuna na raba wannan littafin a coci ranar Lahadin nan da ta wuce. Na ce musu abokin aikina ne, na san shi, ba ya ƙarya."

"Kin karanta kafin ki raba?"

"Na karanta. Amma ai ban taɓa ganin aikinka na asali ba. Ta yaya zan sani?"

Na ce mata na tabbata wani ne a cikin masu haɗa littafin ya yi wannan ɓarna, malamin nawa bai sani ba, kuma idan ya ji sai ransa ya fi nawa ɓaci. Da wannan tunanin muka tafi ofishin bayan an tashi daga makaranta.

Mun same shi shi kaɗai yana shan shayi. Muka gaisa, na buɗe littafin na ajiye a gabansa, na fara bayani a hankali, ina cewa akwai kuskuren da aka yi wajen bugawa. Bai ko kalli shafin ba.

"Ba kuskure ba ne. Ni na cire, ni na rubuta wancan."

Wannan mutumin, lokacin da muke ɗalibansa, ya hana mu rubuta sakamakon gwaji da fensir, don kada wani ya goge abin da bai yi masa daɗi ba. Na taɓa ganin ya mayar da wata ɗaliba ta sake aikin wata biyu saboda ta gyara lamba ɗaya. Shi ne yau yake zaune yana faɗa min haka, da kofi a hannunsa.

"Malam," na ce, "ai kai ka sa hannu a aikin nan. Ka san abin da ya nuna."

"Na sani. Aikinka daidai ne, har gobe."

"To me ya sa?"

Ya ajiye kofin. "Wa zai karanta littafin nan? Yaran sakandare ne da iyayensu. Ka ce wa yaro sauro yana sauyawa, gobe ya buɗe waya a ce masa kifi ma ya sauya, jibi a ce masa shi ma haka ya zo, babu wanda ya yi shi. Ba ka ga abin da nake gani ba."

Madam ta gyara zama. "Baba, ka yi haƙuri in sa baki. Ko littattafan waje da kuka raba mana a taro, ban ga inda suka musanta irin wannan ƙaramin sauyin ba. Gardamarsu a wani wuri take."

"Su da masu karatunsu, mu da namu."

"Amma Baba, idan yaron ya girma ya gano an ɓoye masa, ba sauron kaɗai zai daina yarda da shi ba. Har mu da muka ba shi littafin."

Malamin nawa ya sunkuyar da kai. Can ya ce yana da ɗa a ƙasar waje, ya tura shi karatu da guminsa, yaron da ya sauke Alƙur'ani tun yana ƙarami. Zuwansa na ƙarshe ya zauna a falo ya gaya masa ido da ido cewa ya daina salla, wai karatu ya nuna masa babu buƙata. Yana faɗa idonsa ya kawo ruwa. Ban taɓa zaton zan ga hawayen wannan mutumin ba. Tausayinsa ya kama ni, amma abin da ke gabana bai gushe ba.

Na ce, "Malam, Allah Ya shirya shi. Ni dai ban taɓa duba bakin sauro na ji imanina ya ragu ba, kuma da na ga yana jure magani ma bai ragu ba. Wanda Ya yi shi Shi Ya yi shi a haka. Abin da ba zan iya ba shi ne a ce na ga abin da ban gani ba. Ina roƙo a cire sunana."

"An riga an buga, an raba."

"To a bugu na gaba."

"Za a duba," ya ce, ya ɗauki kofinsa. Muka yi sallama muka sauko. A bakin titi Madam ta tsaya tana ta girgiza kai, adaidaita uku suka tsaya suka wuce ba ta shiga ko ɗaya ba.

Wahalar ba ta tsaya a ofis ba, don littafin ya riga ni isa unguwa. Bayan sallar la'asar a masallacin layinmu mutane suka kewaye ni da barka, limaminmu ya ce yana so in yi wa matasa bayani ranar Juma'a. Da na iya yin murmushi in wuce. Sai na ce masa, a gaban kowa, abin da ke cikin littafin ba maganata ba ce, na kuma faɗi abin da na gani a aikina. Wani maƙwabcina, dillalin yadi a Fagge, ya ce, "Wato kai ma ka koma cikin masu cewa daga biri muke?"

"Alhaji, ni sauro na bincika. Kai da kanka ka ce min maganin da kake fesawa a shago ya daina kashe su."

"Wannan ai jabu ake sayar mana."

"Akwai jabu. Amma ni da mai kyau na gwada."

Liman ya ɗaga hannu ya ce a bar maganar, wanda aka yi wa ƙarya yana da hakkin ya ce an yi masa. Bai sake tayar da zancen Juma'ar ba, ni ma ban tuna masa ba. Alhajin nan kuwa ya yi kusan wata biyu yana amsa gaisuwata a daƙile.

Madam ta fi ni ƙarfin hali. Ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada ta nemi izini ta tsaya a gaban jama'a ta ce ta raba musu abin da ba ta tantance ba, duk mai kwafi ya dawo mata da shi. Ta ce min wasu sun dawo da shi, wasu sun ce ai littafin yana ƙarfafa bangaskiya, mene ne na tayar da hankali a kan sauro. Ni kuma na rubuta wa cibiyar wasiƙa na kai da hannuna. Ba a ba ni amsa ba.

Da aka sake buga littafin, mai teburin nan ya ajiye min ɗaya. Na buɗe tsakiya. Sun cire hotona, sun cire sunana. Sakin layin yana nan yadda yake, ba a taɓa ko harafi ba, sai dai yanzu an ce maganar wani masanin kimiyya ce a Kano. Na mayar masa da littafin na ce ba zan saya ba.

Sau ɗaya na sake haɗuwa da Malam, a wurin ta'aziyyar wani tsohon ma'aikacin sashenmu na jami'a. Ya rame, yana dogara sanda. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi iyalina da makaranta, na tambayi jikinsa. Na so in tambaye shi labarin ɗansa, sai na ga mutane sun yi yawa a kan tabarmar. Aka shafa fatiha, wani ya kama shi ya kai shi mota.