Cokalin da ɗana ya kawo mini daga Rasha

Na daɗe ina ɗaukar waya ina ajiyewa kafin na rubuta wannan, don ina tsoron a yi mini dariya.

Shekarun baya ɗana ya zo hutu daga Rasha, inda yake karatun likita. Lokacin mahaifiyarsa ba ta daɗe da rasuwa ba, ni kaɗai ne a gidan. Ya kawo mini baƙin burodi mai tsami da busasshen kifi mai gishiri. Na ce masa mutumin Nguru, garin kifi, ake kawo wa kifi? Ya ce na can daban ne. Burodin kuwa na zaci lalacewa ya yi a hanya, na faki idonsa na ba akuya.

Sai ya ciro cokalin katako, baƙi da ja, an zana masa ganye masu ruwan gwal. Ya ce akwai garin da aikinsu ke nan, da hannu suke yi.

"Baba, da shi za ka riƙa shan kunu, kamar muna tare."

Ni kuwa na san addini ya hana ci da abin gwal. Ya ce fenti ne kawai, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Har ya koma ban sa shi a baki ba, kuma na san ya lura.

Bayan tafiyarsa na ɗauki cokalin na shiga mota zuwa Gashua, don kada a ji a Nguru cewa ina da gwal a ɗaki. Wani maƙerin gwal ya juya shi, ya kankare gefensa da wuƙa, farin katako ya fito. Ya ce, "Malam, kuɗin motarka ya fi gwal ɗin da ke jikin nan." Na dawo da cokali mai tabo.

Ɗana ya gama karatu, ya samu aiki a can, bai taɓa tayar da maganar ba. Ni kuwa in na zauna shan kunu ni kaɗai, nakan ajiye cokalin kusa da kwano. Yanzu tsorona kada zafi ya shiga ta wurin kankarar ya ɓare sauran fentin.

Don Allah wanda ya taɓa zama a ƙasar, ko ya san aikin katako, ya gaya mini abin da ake shafa wa wurin ya rufe ba tare da ya cutar da ciki ba. Ina so ranar da zai kira ni ta bidiyo ya same ni ina sha da shi.