Bakaniken da Ya Tsaya wa Garken Ravdna

Kowace safiya ta Allah, tun kafin hayaƙi ya fara tashi a gidajen ƙauyenmu, Ivvar ɗan Gutnel yakan fito da buzun barewa a hammata da butar gahawa a hannu. Sai ya shimfiɗa buzun a kan ƙanƙara a ƙofar garejinsa, ya kwanta kusa da baburan ƙanƙarar da aka kawo masa gyara. Garejin nan akwai murhu, akwai lantarki, amma ya ce shi ba ya duba babur a ɗaki mai ɗumi, tunda ba a ɗaki mai ɗumi yake lalacewa ba. Zai ɗaga bayan babur ya ɗora a kan kututture, ya kakkaɓe ƙanƙarar da ta daskare a ciki, ya riƙa juya sarƙar robar da babur ke tafiya a kanta, haƙori bayan haƙori. Kowace ƙaramar taya sai ya girgiza ta ya ji ko boris ya fara wasa. Daga nan ya koma gaba ya shafa ƙarfen da ke ƙarƙashin takalman sulɓi da gaban babur ke zamewa a kansu, ya buɗe inji ya shinshina bel. Fiye da shekara arba'in ke nan yana haka, kuma a ƙarshen watan nan zai rufe garejin, saboda yatsunsa sun daina riƙe sufana.

Ni sunana Heaika, makiyayin bareyi ne, irin na ƙasar ƙanƙara da muke kiwo kamar shanu, Ivvar kuwa ɗan gwaggona ne, abokin wasana tun muna yara, don haka ba na cikin masu yi masa kara. Mutum ne mai wuyar sha'ani. Idan ka kawo masa babur, ba ka isa ka ajiye ka tafi harkarka ba. Zai nuna maka gefen buzun ya ce, "Kwanta mu gani." Da hannunka za ka cire fulogi, da hannunka za ka canja bel, kuma da safar hannu a hannun, yana kwance yana kurɓar gahawa yana yi maka gyara da baki. Ya kwantar da fasto. Ya kwantar da malamar asibiti da gilashinta. Har yara suka mayar da maganar sunansa, in sun hango shi sai su ce ga Kwanta-mu-gani nan tafe.

Na taɓa ce masa, "Wai Ivvar, tsakanin ni da kai waye bakaniken?"

Ya ce, "Ni ne mana. Amma ranar da zai mutu maka a tsakiyar tudu, ina gida ƙafata a bakin murhu. Ɗaure notin nan, kana ta surutu kamar ba kai ka kwance shi ba."

Alheransa suna da yawa, kowane gida a nan yana da nasa labarin. Ni guda ɗaya zan bayar, wanda na gani da idona.

A sanyin bara Allah ya yi wa maƙwabcinmu Aslat rasuwa bayan gajeriyar jinya. Ya bar matarsa Ravdna da 'yan mata biyu, da garken bareyi, da wani tsohon babur da ya kusa sa'ar babbar 'yarsu. Mu huɗu muke haɗa garke, kowa da alamarsa a kunnen dabba, kuma al'adarmu ita ce kowane gida ya ba da mutum ɗaya a tafiyar bazara, lokacin da ake kora garke daga tudu zuwa bakin teku kafin matan bareyin su haihu. Gidan da ba shi da mai tafiya, ba shi da garke. Jovnna, yayan marigayin, ba mugun mutum ba ne, amma da aka zauna bai ɓoye ba. Ya ce a sayar da wasu, sauran su koma ƙarƙashin alamarsa, ita kuma ta nemi aiki a gari ta riƙe yaran.

Ravdna ta ce, "Yaya, a ba ni tafiyar nan guda ɗaya. In na kai su bakin teku, kada a sake tayar min da maganar. In na kasa, ni da kaina zan kawo maka wuƙar alama."

Aka amince, kuma yawancinmu mun amince ne don mun ɗauka ba za ta iya ba. A cikin garke ta tashi, jifan igiya ma ta fi ni, amma tun da babura suka shigo kiwo mata suka koma tsaron bukka. Ita a bayan mijinta kawai ta saba hawa.

Ranar da ta jawo tsohon babur ɗin zuwa gareji ina wurin. Ivvar ya dube ta, ya dubi babur ɗin. Na san abin da yake tunawa. Yana ɗan shekara goma sha uku mahaifinsa ya mutu, daidai lokacin da babura suka fara zuwa. Gwaggo Gutnel ba ta da wanda zai hau mata, ba ta kuma sami wanda ya koya mata ba. Cikin 'yan shekaru garkenta ya watse, alamarta ta ɓace, ta ƙare rayuwarta tana wanki a makarantar kwana. Tun daga nan Ivvar bai sake taka shingen bareyi ba, ko an gayyace shi.

Ravdna ta ce, "Kawu, gyara na kawo. Ka faɗa min gaskiya, zai kai?"

Ya ce, "Shi zai kai. Ke ce ban sani ba tukuna. Kwanta mu gani."

Tun daga ranar har bayan Ista, duk safiya tana kan buzun nan. Suka canja robar da sarƙa ke gogawa a jikinta, wadda ta cinye har ƙarfe ya kusa fitowa. Suka canja boris, suka ja sarƙar daidai, suka wanke tanki saboda ruwan da ke taruwa a ciki ya daskare ya toshe mai. Bel kuwa, ban san sau nawa ya sa ta cire ta mayar ba. Wata rana na iske ta yatsu sun sandare, hawaye na daskarewa a kumatunta, tana cewa, "Kawu, wallahi na iya, ka bar ni haka."

Ya ce, "Kin iya a ƙofar gidana. Sake."

Abu na ƙarshe da ya yi shi ne ya ba kowa dariya. Ya ciro haƙora biyu daga wani tsohon manjagaran tara ciyawa, ya lanƙwasa su, ya ɗaura a gefe da gefen sarƙar yadda za su riƙa kartar ƙasa. Ya ce a bazara saman ƙanƙara yakan yi tauri da safe, babu garin ƙanƙarar da zai fantsamu ya sanyaya inji da sarƙa, to waɗannan haƙoran za su kankaro shi. Ya ce ni da Jovnna mu kawo namu ya sa mana. Jovnna ya ce sabon babur ɗinsa ba gona zai je ba. Ni ma na bi bayan Jovnna, har na ce wa Ivvar in ya gama ya ɗaura mata garma.

Muka tashi. Kwanakin farko lafiya lau, Ravdna tana baya tana kora da karenta, ni da Jovnna muna gaba, na huɗunmu yana jan kaya a can nesa. Ran nan muka wayi gari an yi ɗan narkewa jiya, sanyi kuma ya dawo, tudun duka ya zama kamar faranti. Ba mu yi nisa ba injina ya ɗau zafi. Na Jovnna ma haka, har ƙaurin roba yake. Dole muka tsaya a kan wani tsauni muna fasa ƙanƙara da dunduniya muna zuba wa injuna.

Garke ba ya jiran mai gyara. Da suka ga babu kowa a gabansu, iska kuma ta kawo musu ƙamshin teku, sai manyan matan bareyin suka karkata hagu, suka nufi kogi ta gajeriyar hanya. Kowa a cikinmu ya san wurin nan. Saman kogin ƙanƙara ce, amma akwai ruwa mai gudu a ƙarƙashi, a wannan lokacin na shekara ko nauyin kare ba ta ɗauka. Ga mata masu ciki a sahun gaba, da yawansu masu alamar gidan Aslat. Muna tsaye muna gani, ba abin da za mu iya.

Sai muka hango Ravdna ta fito daga baya ta gefen garken, babur ɗinta yana tayar da farin gari ta ɓangare biyu, haƙoran manjagara suna aikinsu. Tana gudu tana yanke hanya, saura kaɗan ta sha gabansu, sai muka ji inji ya yi kuka shi kaɗai, babur ya tsaya cak. Bel ya tsinke.

Jovnna ya cire hula ya ce, "Shi ke nan."

Ni idona yana kan Ravdna. Ba ta tsaya waige-waige ba. Ta diro, ta buɗe murfin gefe, ta fizge zaren tsohon bel da ya nannaɗe, ta ciro na ajiya daga inda Ivvar ya ɗaure mata. Daga nesa ina ganin yadda ta sa gwiwa ta danne, ta murɗa, ta zura shi, kamar yadda ta yi ta yi a ƙofar gareji. Ta ja igiyar tayarwa, injin ya tashi. Ta iso bakin kogin ita da uwar garke, babbar barewar da ke jan gaba, kusan tare, ta gitta babur ɗin a gabanta, ta miƙe tsaye a kai tana kaɗa hannu, karen yana haushi. Uwar garken ta tsaya, ta yi huci, ta juya. Sauran suka bi ta kamar an ja su da igiya. Ko ɗaya bai taka kogin ba.

Da muka lallaɓa muka isa wurinta, tana zaune a kan babur tana kokawa da murfin butar gahawa. Jovnna ya karɓa ya buɗe mata. Ya daɗe yana kallon haƙoran nan biyu, sannan ya ce, "Ƙanwata, maganar nan ta mutu. Gobe ke za ki shiga gaba."

Ta ce, "To Yaya. In kun gaji ku faɗa, sai in rage gudu."

Ita ta ja garken har bakin teku. Ni kuwa, ban taɓa jin daɗin a yi min dariya irin na wannan tafiyar ba.

Da muka dawo na ba Ivvar labari, ina jira in ga murna. Abin da ya tambaya kawai shi ne ko ta sa bel ɗin ta fuskar da ta dace. Haka halinsa yake. Amma da lokacin yi wa 'yan bareyi alama ya zo a tsakiyar rani, Ravdna ta zo da mota har ƙofar gareji ta ce ya shiga.

Ya ce, "Ni ba na zuwa shinge, kin sani."

Ta ce, "Kawu, ni ma ban saba kwanciya a ƙanƙara ba, ka sa na kwanta. Shiga mu tafi."

Ya shiga. Ina tsaye a shingen lokacin da ya tako ciki, dattijo mai furfura, yana tafiya a hankali kamar wanda ya shigo coci ana tsakiyar addu'a. Ravdna ta jefa igiya ta kamo ɗan barewa na farko, ta kayar da shi, ta ce Ivvar ya riƙe mata. Hannun nan da ya kasa sufana ya rungume ɗan dabbar tsam a ƙirji. Ta yanka alamar gidanta a kunnen, 'yan matanta biyu suna kallo. Da aka sake shi ya ruga wurin uwarsa, Ivvar bai tashi ba. Yana durƙushe yana kuka, ba ya ko ɓoyewa. Na juya baya, don ni ma idona ya cika, kuma Gwaggo Gutnel nake tunawa.

Ivvar, na sha zaginka a kan buzun nan, yau bari in faɗi ɗaya gefen. Kai ne ka ƙi yarda mu zama baƙi a kan abin hawanmu. Kai ne ka gwammace a ji haushinka da safe a ƙofar gida da a neme ka da rana a tsakiyar tudu. Abin da aka yi wa mahaifiyarka ba ka rama a kan kowa ba, ka dai tsaya tsayin daka ka hana a maimaita shi. Mun gode, ɗan gwaggo. Allah ya saka maka, ya sassauta maka ciwon yatsun nan, ya ba ka hutu mai daɗi, ko da yake na san ba za ka iya zama ba.

Ku kuma masu sana'a a hannu, ko wace iri ce, ga abin koyi. Yi wa mutum aiki alheri ne, amma ku daure ku bar shi ya sa hannunsa, ko zai tafi yana gunaguni. In kun ga wadda ake shirin karɓe wa abinta don ba ta iya ba, ku koya mata tun lokaci bai ƙure ba.

Yanzu haka garken Ravdna yana can bakin teku yana kiwo, kuma nata ne.